NA'URA BA TA DA ISNADI: JAWABI GA ƊALIBAI A DUTSE

Wannan shi ne jawabin da wani malami ya gabatar wa matasa 'yan'uwa, akasarinsu ɗaliban manyan makarantu, a wani zama da aka yi a garin Dutse dangane da abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira.

Bayan ya yi godiya ga Allah (T) da salati ga Manzo (S), Malam ya fara da cewa shi bai zo don ya hana kowa amfani da na'ura ba, domin kuwa abu ne da ya riga ya shigo aljihun kowa. Ya tunatar da cewa a ƙarshen Nuwamban 2022 ne kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT, sannan a 2024 kamfanin Meta ya cusa nasa a cikin WhatsApp a Nijeriya, ta yadda ko wanda bai nema ba sai ya gan shi. Ya ce Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011 ta yi shekara 11 babu wannan abu, amma yau akwai ɗalibin da in aka ba shi aikin gida bai san ta inda zai fara ba sai ya tambayi waya.

Daga nan sai Malam ya yi bayanin yadda abin yake aiki, inda ya ce wajibi ne 'yan'uwa su fahimci wannan kafin komai. Ya ce an ɗura wa na'urar rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa ne, ta koyi wace kalma ce ta saba bin wace, saboda haka in ka tambaye ta sai ta riƙa jero kalmomin da suka fi dacewa su biyo baya. Wato ita ƙwarewarta a iya magana take, ba a sanin gaskiyar magana ba. Shi ya sa, in ji shi, in ta sani za ta faɗa da ƙarfin gwiwa, in ba ta sani ba ma za ta faɗa da wannan ƙarfin gwiwar, muryar ɗaya ce. Ya ƙara da cewa matsalar ta fi tsanani a Hausa, domin rubutun Hausa da ke intanet bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da na Turanci.

Malam ya kawo misalin abin da ya faru a wata kotun tarayya a birnin Niyok a 2023, a ƙarar da wani ya shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca. Lauyoyin mai ƙara suka kafa hujja da wasu shari'o'i 6 da ChatGPT ya ba su, da sunaye da lambobi da maganganun alƙalai, aka bincika aka tarar babu ko ɗaya da ta taɓa faruwa. Alƙali ya ci su tarar Dala 5,000. Ya ce to, in lauyan da ya shekara yana aiki ya faɗa wannan rami, ina ga yaron da ya tambayi waya hadisi, ta ba shi matani da lamba da sunan littafi, shi kuma ya tura wa jama'a a WhatsApp da sunan Manzon Allah (S)? Malam ya ɗan daɗe a nan. Ya ce magabata sun kafa ilimi guda sukutum don kawai su san wa ya ji daga wa, kuma shin mai riƙon amana ne, shin haddarsa tana da ƙarfi. Imam Bukhari ya yi tafiye-tafiye daga Bukhara zuwa Hijaz da Iraƙi da Sham da Masar saboda wannan. Ita kuwa na'ura ba ta da malami, ba ta da isnadi, kuma ba za a tsayar da ita gobe kiyama a tambaye ta ba. Wanda ya yaɗa shi za a tambaya. Ya yi nuni da aya ta 6 a Suratul Hujurat wadda ta yi umarni da bin diddigin labari kafin a yi aiki da shi.

Sai dai Malam ya ce kuskuren na'ura ba shi ne ya fi damunsa ba, domin masu ita kullum gyara ta suke yi. Abin da ya fi damunsa shi ne ranar da ta ba da amsa daidai, mutum ya karɓa, ya miƙa wa malaminsa, ya ci maki, alhali ko kalma ɗaya ba ta bi ta ƙwaƙwalwarsa ba. Ya ambaci wani bincike da aka yi a jami'ar MIT ta Amurka a 2025 a kan mutum 54 da aka raba gida uku aka sa su rubuta insha'i: wasu da ChatGPT, wasu da Google, wasu da kansu kawai, ana auna aikin ƙwaƙwalwarsu da na'ura. Masu ChatGPT su ne ƙwaƙwalwarsu ta fi yin sanyi, kuma a zaman farko 15 daga cikin 18 sun kasa kawo jimla guda daidai daga abin da suka gama rubutawa. Ya ce adadin mutanen kaɗan ne, kada a ɗauke shi kamar yankan wuƙa, amma dai kowa ya tambayi kansa lambar waya nawa ya haddace yanzu, ban da tasa.

A nan ne Malam ya juyo kan tsangaya. Ya ce mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana darajar wahalar karatu ba. Almajiri yakan rubuta allonsa da hannunsa, ya kai wa alaramma ya duba, ya biya, ya wanke, ya sake, har ya kai ga rubuta Alƙur'ani da ka. Ba don babu bugagge a kasuwa ba ne, a'a, sai don abin da hannu ya rubuta, baki ya maimaita, shi ne ke zama a ƙirji. Haka ɗan kasuwar Shuwarin da ke lissafin buhunan riɗi da ka, kafin yaronsa ya gama latsa kalkuleta ya riga ya faɗi jimla, kuma in kalkuletar ta ba da shirme shi ne zai gane.

Dangane da yadda za a yi, Malam ya ce ɗalibi ya fara zama da takarda da biro ya yi iya yinsa, ko da minti 20 ne, sannan ya je wa na'ura da abin da ya rubuta ya ce ta nuna masa inda hujjarsa ta yi rauni. Ya ce a binciken nan na MIT ma, waɗanda suka fara rubutu da kansu sannan daga baya aka ba su ChatGPT sun fi waɗanda suka fara da shi tuna abin da suka rubuta. Duk aya ko hadisi ko shekara ko sunan littafi da ta kawo, kada ya fita daga wayarka sai ka buɗe littafin ka gani da idonka. In ba ka da littafin, ɗakin karatu da zauren malamai suna nan. Fatawa kuwa, ta aure ce ko ta gado, ba a ɗaukarta a waya, domin mufti yakan tambayi mai tambaya kafin ya ba shi amsa. Sannan in ka gama karanta amsar, ka kife wayar ka yi wa ɗan'uwanka bayaninta da bakinka. In ka kasa, to ba ka koya ba tukuna.

Wani ɗalibi ya tambaya ko halal ne ya miƙa aikin da na'ura ta rubuta masa tunda malamin bai hana ba. Malam ya amsa da cewa ya je ya gaya wa malamin nasa ƙarara cewa na'ura ce ta rubuta. In ya ji nauyin faɗa, to ya riga ya san amsar tambayarsa. Ya ce musamman masu karatun aikin asibiti da injiniya su sani cewa ran da aka kawo mara lafiya cikin dare a wani ƙauye, ba caji ba sabis, abin da ke kansu kaɗai za su taimaka masa da shi.

Bayan tambayoyi biyu a kan jarrabawa, aka rufe zaman da addu'a gab da Magariba.