Ƙa'idodin Kwamitin Gyaran Makarantar Zango: Jawabi ga 'Yan'uwa a Guangzhou

Ya ku iyayenmu, malamai da alhazai, mun gode wa Allah da ya tara mu yau a Xiaobei.

Jama'a sun sani, tun 1994 dokar ƙasar Sin ta hana baƙo buɗe makarantar addini. 'Ya'yanmu kuwa galibi suna gida Kumasi, a makarantar zango, mu muna nan muna fatauci. Rufin ajin ƙanana yana yoyo, benci bai isa ba. Shi ya sa muka naɗa kwamiti na mutum bakwai. Amma taron da ba ƙa'ida kasuwa ne, kowa na magana, ba mai ji. To, ga abin da muka shirya a kai.

Na farko, lokaci. Guangzhou tana gaban Kumasi da awa 8. In muka zauna ƙarfe 5 na yamma, can ƙarfe 9 na safe ne, sai mu sami hedimasta a waya. Wata-wata za a zauna, ban da Afrilu da Oktoba, saboda baje kolin Kanton.

Na biyu, kuɗi, nan ne zumunci yakan lalace. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, balle amanar yara. Kowane yuwan ya shiga littafi, a ba da rasidi. Ba a fitar da ko kwabo sai mutum biyu sun sa hannu, a kuma rubuta yadda aka canja shi zuwa sidi a ranar. Kada ma'aji ya sa kuɗin nan cikin kayansa, ko da na kwana ɗaya ne, ko da ribar tana kiransa.

Na uku, magana. Wanda ya ba da dubu da wanda ya ba da goma bakinsu ɗaya. Ba Bahaushe, ba Bazabarme, ba Dagomba. Babba ya yi haƙuri yaro ya gama.

Na huɗu, malamai. Tun 1987 gwamnatin Gana ta kafa sashen kula da makarantun Islamiyya, watau malamin da ta turo ba mu ke korarsa ba. Mai ƙorafi ya kai wa hedimasta a asirce, kada ya watsa a WeChat. Yaron da ya ji an zagi malaminsa ba zai ƙara ɗaukar karatunsa ba.

Na biyar, abin da shawara ta yanke ya zauna, ko da ba ra'ayinka ba ne.

Lalle in mun riƙe waɗannan, za a yi rufin kafin ruwan Afrilu. Allah ya yi mana jagora, amin. Haza wasalam.