RUBUTACCEN SHIRI: Firiza Ta Daina Ƙanƙara? Ku Dakata Kafin A Ce Muku "Gas Ya Ƙare"

Ga waɗanda data ba ta bari su saurari muryar ba, ga shirin a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau ba maganar 'yan siyasa za mu yi ba, maganar firiza za mu yi. Na san wani zai ce, malam, ina ruwan ɗan gwagwarmaya da firiza? To ka zaga Badariya, ka shiga Gesse, ka leƙa Rafin Atiku, ka ƙirga gidajen da firiza ce ke biyan kuɗin makarantar yara. Ƙanƙara, zoɓo, kunun aya, lamurje, fiya wata mai sanyi. Uwa tana cikin ɗaki, ba ta da albashi, ba ta da shago, wannan farin akwatin shi ne dukan jarinta. Ka je Argungu kuma. Duniya ta san garin da bikin kamun kifi tun 1934, amma biki na 'yan kwanaki ne. Sauran shekara masunta ne da 'yan kasuwa ke tsere da rana, don giwan ruwa da tarwaɗa ba sa jiran kowa in sun bar ruwa. Wanda zai kawo ɗanyen kifi Birnin Kebbi ko ya wuce da shi Sakkwato, in ba ƙanƙara, sai ya karyar da farashi ko ya kai banda.

To duk sanda akwatin nan ya daina daskarar da ruwa, kalma ɗaya ake ji: gas ya ƙare. Ita nake so mu tattauna. Gas ɗin firiza ba irin na girki ba ne, ba ƙonewa yake yi ba. Yana cikin bututu rufaffe, kwamfuresa na tura shi yana zagaye: ya shiga ciki ya kwashi zafi, ya fito waje ya zubar, ya sake komawa. Haka zai yi ta yi shekara da shekaru. In har ya ragu, to akwai inda ya ɓule. Saboda haka duk wanda ya zuba maka sabo bai nemo ɓular ba, tamkar ya zuba ruwa a tulun da ya tsage ne, bayan 'yan makonni za ka sake kiran sa. Sau da yawa ma gas ɗin lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wani wuri.

Bari in fara da abin da kusan ba wanda ke faɗa wa iyayenmu mata, wato lodi. A bayan firiza ko a gefenta akwai wata 'yar takarda da aka manna. Ka haska ta da tocilan wayarka, ka nemo inda aka rubuta kg/24h. Wannan shi ne nauyin abin da za ta iya daskararwa cikin awa 24. A irin na gida za ka ga wata kilo 10, wata 15, babba ta ɗara haka. Yanzu mu yi lissafi. Ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, wato rabin kilo. Jaka guda leda 20, kilo 10 ke nan. Ka ga firizar da aka rubuta mata kilo 10, jaka ɗaya tak aka yi ta ta daskarar a kwana guda, shi ma in wuta ba ta ɗauke ba ko na minti ɗaya. Mu kuma me muke yi? Mu cusa mata jaka biyar da yamma, wuta ta yi awa shida ta tafi, da safe mu ce ta lalace.

Kuma akwai dalilin da ya sa ruwa ke yin sanyi ƙarara amma ya ƙi zama ƙanƙara. Waɗanda suka yi fizis a sakandare za su tuna. Kafin ka sauko da kilo ɗaya na ruwa daga digiri 30 zuwa sifili, sai ka cire masa zafi kimanin kilojul 126. Amma daga ruwa mai sifili zuwa ƙanƙara, sai ka ƙara cire kilojul 334. Wato aikin daskarewar ya ninka na sanyayawar fiye da sau biyu da rabi. Shi ya sa za ka taɓa ledar ka ji kamar saura ƙiris, alhali ko rabin aikin ba a kai ba. Maganin shi ne a riƙa sakawa kaɗan-kaɗan. A bar waɗanda suka daskare a ƙasa su riƙe sanyi, sababbi a jera su jikin bango inda sanyin ke fitowa, a bar 'yar tazara tsakaninsu. Ruwan da ya wuni a tanki cikin rana kuma kar a ƙulla shi nan take, a bar shi ya kwana a randa ya huce. Tunda maganar ruwa ta zo: daskarewa ba ta tsabtace shi. In ruwan ba mai kyau ba ne, ƙanƙarar ma haka, kuma ita ce mutane za su jefa a kofin buɗa baki.

A wannan 'yar takardar dai akwai wani harafi da ke nuna zafin da aka ƙera firizar ta jure. In ka ga N ko SN, iyakarta digiri 32. ST digiri 38. T ita ce ta ƙasashen zafi, tana kai 43. Ku da kanku kun san abin da Maris da Afrilu ke yi mana a Kebbi, rana na wuce 40, ɗakin kwano kuwa ya fi waje. Da yawa cikin 'yan gwanjon nan da muke cewa Beljiyam don ɗakunan Turai aka yi su. Lokacin hunturu ka ga tana aiki kamar me, bazara na shigowa ta fara nishi. Mai shirin saye ya duba harafin nan kafin ya ƙirga kuɗi. Wanda ya riga ya saya, ya fitar da ita daga lungun da iska ba ta shiga, ya janye ta daga bango kamar faɗin tafin hannu, ya raba ta da murhu da hasken rana. In tana da baƙin raga a baya, a cire fulogi a kakkaɓe ƙurar hunturun da ta toshe shi. In ba ta da raga, bututun yana cikin jikinta, shi ya sa gefenta ke ɗumi, kuma wannan ɗumin alamar lafiya ce. Don Allah a daina lulluɓe ta da bargo ko a jingina mata buhunan shinkafa.

Sai wuta. A nan kunne ya fi ido amfani. Ka durƙusa bayan firizar ka saurara. In ka ji ta yi gurnani na 'yan daƙiƙu, sai "ƙat", ta yi shiru, bayan 'yan mintuna ta sake, to kwamfuresa na son tashi ne yana kasawa. Wannan "ƙat" ɗin obalod ne ke yanke wuta don kar injin ya ƙone. Abu biyu suka fi jawo haka. Ko wutar ta zo ba ƙarfi, don 230 ya kamata ta kai, in ka ga ƙwai ya yi ja fanka na juyawa da ƙyar ka san ba ta kai ba. Ko kuma rile ya mutu, wani ɗan ƙaramin abu ne da ke maƙale jikin kwamfuresa yana taimaka masa tashi. Mai gyara na ciro shi ya girgiza, in ya ji yana kaɗawa kamar tsakuwa a gwangwani, ya fashe.

Wata goggona an taɓa zuba mata gas har sau biyu a azumi guda, firiza ba ta tashi ba, har aka fara ce mata sai dai sabon kwamfuresa. Wani mai gyaran daban ya zo, ya durƙusa ya saurara, ya canza rile, kafin la'asar bango ya fara fari. Kuɗin rilen bai kama ƙafar abin da ta kashe ba, ban da cinikin kwanakin da ya wuce ta.

Idan wutar ce ba ƙarfi, a kashe firizar har ta daidaita, ko a nemi sitabilaiza mai jinkiri. In an ɗauke an maido nan take, a jira kamar minti biyar kafin a kunna, don gas ɗin ya lafa a bututu. Masu janareto da sola su sani, lokacin tashi kwamfuresa na jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in yana tafiya. Ɗan ƙaramin janareton caji da kallon ƙwallo ba lallai ya iya tayar da shi ba.

Robar murfi kuma gwajinta ba wuya. Ka sa takarda ka rufe a kanta ka ja, in ta zare salin-alin, iska mai zafi na shiga ta nan. In dusar ƙanƙara ta yi kauri a bango har ta wuce rabin santimita, ita kanta tana tare sanyi, a kashe a bar ta ta narke. Kar a sa wuƙa. Na maimaita, kar a sa wuƙa ko sukuddireba, musamman a ƙaramin firij ɗin da gidan ƙanƙararsa na alminiyam ne, don gas ɗin a cikin wannan farantin yake bi.

To yaushe ne maganar gas ke zama gaskiya? In kwamfuresa na tafiya ba tsayawa, awa da awanni, amma raga ko gefen firizar bai yi ɗumi ba, ciki kuma wani ɗan yanki kaɗai ya yi fari sauran ba komai. Wani lokaci har za ka ga maiƙo a mahaɗar bututu. Ko a nan ɗin ma yana iya zama toshewa ce a siririn bututun. Idan mai gyara ya ce gas ne, ka tambaye shi cikin mutunci: Oga, ina ya ɓule? Nuna min. Mai sanin aikinsa zai nemo wurin da kumfar sabulu, ya yi walda, ya canza diraya, ya zuƙe iskar da ke cikin bututun da famfo, sannan ya zuba gas irin wanda aka rubuta a jikin kwamfuresa, daidai giram ɗin da ke kan takardar. Ban ce duk masu gyara macuta ba ne, wallahi da yawansu samari ne irinmu da aka koya wa zuba gas kawai, ba su da kayan awo. Ni a ganina nan ne ya kamata shirye-shiryen koyar da sana'a su sa kuɗi. A garin da ke da Waziri Umaru Federal Polytechnic, bai kamata yaron da ke gyaran firij ya rasa inda zai je ya koyi amfani da mita ba.

Nau'in gas ɗin ba abin wasa ba ne. Tsofaffin firij R12 suke amfani da shi, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina saboda illarsa ga sararin sama. Bayansa R134a ya zo. Yawancin sababbi yanzu R600a ne, kuma shi yana kama wuta, ɗan uwan gas ɗin girki ne. Ba a haɗa wani da wani. Ba a kunna wutar walda sai an tabbatar bututun ba komai, kuma a waje ko inda iska ke kaɗawa, ba a uwar ɗaki da yara a gefe ba. In an ɗauko firiza a kwance a bayan Keke Napep, a tsayar da ita wasu awanni kafin a jona, man kwamfuresa ya koma mazauninsa.

Masu manyan firij mai ƙofa biyu da ke zubo ƙanƙara da kansa, ku ma ga naku a gurguje. In firizar na daskarar da nama amma ƙanƙara ba ta fitowa, a duba ɗan hannun ƙarfe ko maɓallin da ke kashe sashen, sau da yawa an ture shi ne ba a sani ba. A duba tiyon ruwa ko ya lanƙwashe, filta ko ta toshe, bakin da ruwa ke zuba ko ya daskare. Babbar matsalarsu a wajenmu ƙarfin ruwa ce: tankin da ke kan ɗan gajeren ƙarfe ba ya turo ruwa da ƙarfin da suke so, sai an sa ƙaramin famfo. Wanda aka kawo daga Amurka kuma wutarsa 115 ce, ba a jona shi kai tsaye sai da taransifoma.

Ga 'yan uwanmu na Argungu da duk mai son yin ƙanƙara ta sayarwa da yawa, gaskiyar magana firizar gida an yi ta ne don ajiya a digiri 18 ƙasa da sifili, ba masana'anta ba ce. Kifi a ƙasar zafi yana son ƙanƙara kusan nauyinsa in tafiyar da nisa. Injin da ake nutsa gwangwanaye cikin ruwan gishiri ya fi dacewa da wannan aikin, don ruwan gishiri mai kauri ba ya daskarewa sai wajen digiri 21 ƙasa da sifili, kuma yana kwashe zafi da sauri fiye da iska. In irin wannan injin ya rage aiki, kafin a taɓa gas a duba ko gishirin ya salance saboda ruwan da ke zuba ciki, a duba ko abin da ke motsa ruwan yana juyawa. Kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar mutum goma masu adashi ba.

A kashi na gaba in Allah Ya kai mu za mu zauna kan firizar sola, wadda ke da batir da wadda ba ta da shi, da lissafin da ya kamata mutum ya yi kafin ya ci bashi ya saya. Wanda mahaifiyarsa ko yayarsa ke sana'ar ƙanƙara, ya karanta mata wannan yau, ya ɗauki tocila su duba takardar nan tare. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.