SATAR HOTUNAN DAMBE TA INTANET DA MATSAYIN ƊAN KALLO



Tun fil azal dambe a ƙasar Hausa wasa ne na kaka. In an gama girbi, an kai gero da dawa rumbu, sai mahauta da 'ya'yansu su ɗauki makaɗansu su riƙa bin garuruwa da kasuwanni, ana ɗaura zare a hannu, ana buga kalangu, ana kirari. Ƙasar Ringim ba baƙuwa ba ce ga wannan al'ada, domin gari ne na noma da ciniki a bakin kogin Haɗeja, wanda hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru ta ratsa, ta mai da shi matattarar gyaɗa da fatake. Inda kuwa kuɗi suka taru bayan kaka, nan 'yan wasa ke sauka.

Abin lura a cikin wannan tsohon tsari shi ne matsayin ɗan kallo. Shi ne ubangidan wasan baki ɗaya. Da farko ma ba a karɓar kuɗin ƙofa. In ɗan dambe ya yi kisa, watau ya kai abokin karawarsa ƙasa, sai wanda abin ya burge ya tashi ya shiga fili ya yi masa kari, wani da kuɗi, wani da riga, mai hali har da dabba. Makaɗi kuma ya sami nasa rabon. Ta haka ne irin su Shago suka yi suna, kuma waƙar da Ɗan Anace ya yi masa ta kai sunan inda ƙafarsa ba ta taka ba. Daga baya aka kewaye fili da zana ko langalanga aka sa mai karɓar kuɗi a ƙofa, kamar yadda ake yi a gidajen damben Kano da na Dei-Dei a Abuja, aka raba 'yan wasa rukuni-rukuni, Kudu da Arewa da Guramada. Duk da haka kuɗin daga aljihun mai kallo suke fita, su shiga hannun wanda ya sha naushi, kowa yana ganin kowa.

Talabijin ce ta fara shiga tsakanin waɗannan mutane biyu. A watan Agusta na 1963, sa'ad da Dick Tiger ya kare kambinsa na duniya a kan Gene Fullmer a filin Liberty na Ibadan, mutanen da suka cika filin su ne ginshiƙin wasan. Shekara 11 bayan haka al'amari ya juya. Ranar 30 ga Oktoba, 1974, Muhammad Ali ya kara da George Foreman a Kinshasa, amma sai wajen ƙarfe 4 na asuba aka fara, saboda a daidaita da lokacin mutanen Amurka waɗanda suka biya kuɗi suka shiga gidajen silima don su gani kai tsaye. A ƙasar Afirka aka yi wasan, da agogon wata ƙasa aka tsai da lokacinsa. Tun daga wannan zamani babbar hanyar samun kuɗin damben Turawa ita ce sayar da hoton, har aka kai ga tsarin nan na biya-ka-kalla, inda mutum zai biya kuɗi na musamman saboda wasan dare ɗaya tak.

Wannan tsari ne ya sa dambe ya fi ƙwallon ƙafa jin zafin sata. Ƙwallo ana buga ta mako-mako, mai biya yana biya ne wata-wata. Babban dambe kuwa dare ɗaya ne a shekara, wani lokaci turmi biyu ko uku a tashi, kuma darajarsa duka tana cikin rashin sanin wanda zai faɗi. In gari ya waye labari ya bazu, hoton ya zama tuwon jiya. Saboda haka wanda ya saci hoton a cikin wannan sa'a guda ya saci kusan dukkan abin da ake sayarwa.

A ranar 2 ga Mayu, 2015, Floyd Mayweather ya kara da Manny Pacquiao a Las Vegas. Gidaje wajen miliyan 4.6 suka saya a Amurka, a kan kuɗin da ya kusa dala 100. A daren nan ne duniya ta ga sabon salo: mutum ya biya, ya zauna a ɗakinsa, ya saita wayarsa a gaban akwatin talabijin, ya watsa wa dubban mutane ta manhajar Periscope, wadda a lokacin ba ta wuce 'yan makonni da fitowa ba. A 2017, da Mayweather ya kara da Conor McGregor, kamfanin Irdeto mai sa ido a kan irin wannan sata ya ƙirga kafofi 239 da suka watsa wasan ba da izini ba, ya kuma ƙiyasta masu kallonsu sun kusa miliyan 3. Daga nan abin ya tashi daga hannun mai waya ɗaya ya zama sana'a mai jari. A 2025 hukumomin Masar, tare da wata ƙungiyar manyan kamfanonin fina-finai da wasanni mai suna ACE, suka rufe Streameast, suka kama mutum biyu kusa da Alƙahira. An ce an ziyarci shafukansa sau biliyan 1.6 a cikin shekara guda. Ba a daɗe ba wasu shafuka masu kama da shi suka tsiro.

To, ina ruwan saurayin da ke Ringim ko Taura ko Dutse da wannan? Ruwansa ya fara ne tun da 'yan asalin Nijeriya suka hau saman wannan fage. Anthony Joshua, wanda danginsa mutanen Shagamu ne, ya doke Wladimir Klitschko a Wembley a 2017 gaban mutum 90,000. A 2019 Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da Israel Adesanya, haifaffen Legas, suka ci kambin UFC, watau wasan nan da ya haɗa dambe da kokawa da shuri. Bahaushe, wanda dama ya san daɗin kisa, bai bukaci a koya masa son wannan ba.

Amma a dubi lissafin. Mafi ƙarancin albashi da aka tsai da a Nijeriya a 2024 naira 70,000 ne. A watan Maris na 2025 kamfanin MultiChoice ya mai da kuɗin babban tsarin DStv naira 44,500 a wata. A Amurka kuwa, a 2024, wasan UFC guda ɗaya dala 80 ne, alhali dala ta haura naira 1,500; watau kallon dare ɗaya ya fi albashin wata na ƙaramin ma'aikaci. Mutanen ƙasar nan sun daɗe da samo wa kansu mafita mai hikima, ita ce gidan kallo, inda mutum ɗaya zai sayi dikoda da janareta, jama'a su haɗa masa 'yan kuɗi kaɗan-kaɗan a ƙofa. Sai dai gidan kallo an gina shi ne a kan lokutan ƙwallon Turai, da la'asar zuwa bayan isha'i. Babban wasan Las Vegas kuwa yakan faɗo wajen ƙarfe 5 na asuba a agogon Nijeriya, lokacin da ladan ke kiran salla, gidan kallo na kulle. Agogon da ya tashi mutanen Kinshasa da tsakar dare a 1974 shi ne har yanzu ke tashin mai son dambe a Jigawa. Abin da ya rage masa shi ne waya, da adireshin wani shafi da aboki ya turo masa ta WhatsApp. Wanda duk zai yi wa wannan saurayi hukunci, ya kamata ya fara da wannan lissafi, domin ba a buɗe masa wata ƙofa daidai ƙarfinsa ba balle a ce ya ƙi ta ya haura katanga.

Sai dai kuma shi ma yana yaudarar kansa in ya ce kyauta yake kallo. Data yake saye, kuma a farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarje wa kamfanonin waya ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100. Hoton da yake samu yana tafe yana tsayawa, yana bayan wasan da daƙiƙoƙi masu yawa, kuma an fi rufe irin waɗannan kafofi a daidai babban wasa, lokacin da masu hakki suka fi sa ido. Sau da yawa mutum ya hana idonsa barci, ya ƙone datarsa a kan ƙananan wasanni, ana shiga turmin da ya jira sai fuskar waya ta daskare. Mai shafin kuma ba don Allah yake yi ba. Da talla yake cin abinci, akasarinta tallar caca da ta batsa, da maɓallan ƙarya waɗanda in an taɓa su sai su sauke wa waya wata manhaja mai leƙen abin da ke ciki. A yau kuwa wayar ɗan makaranta ko ma'aikaci ita ce bankinsa. Wanda ya gudu daga biyan naira 200 a ƙofa yana iya buɗe wa ɓarawo asusun albashinsa.

Duk wannan game da damben waje ne, inda wanda ake yi wa satar attajirin kamfani ne a wata uwa duniya, kuma da wuya a sami mai zubar masa da hawaye a Ringim. Inda abin ya fi ciwo shi ne damben gida.

A 2017 wasu matasa biyu, Chidi Anyina da Anthony Okeleke, suka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, suna ɗaukar wasannin gidajen dambe suna sakawa, har miliyoyin mutane a ƙasashen da ba su taɓa jin kalmar dambe ba suka kalla. Sa'an nan kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu ya shigo da tsari da alƙalai da likitoci, kuma a 2025 ya ƙulla yarjejeniya da DAZN, ɗaya daga cikin manyan masu nuna dambe a duniya. Ma'anar wannan ita ce hoton ɗan damben Hausa ya zama haja mai daraja. Tambayar da ta rage ita ce hannun wa darajar za ta shiga.

Ga yadda abin ke gudana a ƙasa. A kowane fili akwai wayoyi da dama a sama suna ɗauka. Kafin ɗan dambe ya kwance zarensa, kisan da aka yi masa ko wanda ya yi ya riga ya shiga Facebook da TikTok. Wani kuma bai ma je filin ba. Sai ya kwafo daga tashar wanda ya sha rana ya ɗauka, ya goge tambarinsa, ya sa nasa, ya tara mabiya. A bakin kasuwa da tasha ga masu tura fina-finai, da kwamfuta a kan teburi, suna cika wa mutane memori da wasanni a kan kuɗi ƙalilan, daga nan kuma a yi ta turawa daga waya zuwa waya. A duk wannan dogon layi akwai mai samun wani abu: mai shafi, mai turawa, kamfanin waya. Mutum ɗaya ne ba a lissafa da shi, shi ne wanda haƙorinsa ya fita. Ba shi da albashi, ba shi da fansho, shekarun ƙarfinsa ƙidayayyu ne, kuma in hannu ya karye shi da danginsa ke jinya. Masu shirya fina-finan Hausa a Kano sun riga sun sha wannan ɗacin: kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai, wadda ta ciyar da dubban mutane, ta durƙushe a cikin 'yan shekaru bayan da turawa ta waya ta zama ruwan dare.

Ɗan kallo yana zaton wannan matsalar ɗan dambe ce kaɗai, alhali kuwa shi ma ana rage masa matsayi. A da shi ke cewa wane ne gwani, da tafinsa da karinsa. In ya daina zuwa fili saboda zai gani a waya, kuɗin ƙofa suka ragu, mai gidan dambe dole ya nemi wani ubangidan, kuma a wannan zamani masu saurin miƙa hannu ga wasannin faɗa su ne kamfanonin caca da masu talla na ƙasashen waje. Wanda ya biya makaɗi kuwa shi ke zaɓen kiɗa. Lokacin wasa, da tsawon turmi, da wanda za a haɗa da wane, da ko za a bar wa kalangu da kirari wurinsu ko a yanke su don ba su da amfani ga mai kallo na Landan, duk za su koma hannun mai biya. Ana ma iya wayar gari a yi dambe a Kano da ƙarfe 4 na asuba.

Ta fuskar doka babu sauran duhu. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Hakkin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988 da aka yi tun kafin intanet ta iso. Sabuwar ta kare shirye-shiryen da ake watsawa, ta ba mai hakki damar ya nemi a sauke abin da aka sata daga shafi, ta kuma ba Hukumar Hakkin Mallaka ta Ƙasa ikon toshe kafofin da suka mai da sata sana'a. Ɗaliban shari'a na kwalejin da ke Ringim za su so su san cewa tun a watan Disamba na 1988, a zamanta na Kuwait, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar cewa hakkin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a keta ta ba. Amma doka tana kare wanda ya ɗauki hoton ko ya watsa shi ne. Ɗan damben da aka ɗauka, in ba shi da rubutacciyar yarjejeniya da mai gidan dambe ko mai kyamara, to, ko an kama ɓarawon, da wuya ko kwabo ya iso gare shi. Nan ne aikin lauyoyi da jami'an ma'aikatar wasanni da sarakunan dambe yake, kuma aiki ne na takarda da alƙalami wanda bai bukaci wata babbar na'ura ba.

Su kansu manyan kamfanonin sun fara gane cewa tsada ita ce takin sata. A watan Nuwamba na 2024 Netflix ya nuna wasan Mike Tyson da Jake Paul ga duk mai biyan kuɗin wata, ba tare da ƙarin ko sisi ba. A watan Agusta na 2025 UFC ta sayar wa Paramount hakkin nuna wasanninta a Amurka na shekara 7 a kan dala biliyan 7.7, da sharaɗin a bar tsarin biya-ka-kalla daga 2026. Masu shirya damben gida ba su da irin wannan jari, amma suna da abin da Amurka ba ta da shi: gidajen kallo a kowane gari daga Ringim zuwa Babura, da benci da janareta da mai karɓar kuɗi a ƙofa, waɗanda ke zaune babu kowa a ranakun da ba a buga ƙwallo.