Zagaya Biranen Turai A Jirgin Ƙasa Da Ɗan Guzuri

Shugaban ƙungiya, iyayenmu, 'yan uwa maza da mata, musamman ɗalibanmu na nan Birtaniya da ke shirin hutun bazara: an umurce ni in yi bayanin yadda mutum zai goya jakarsa ya zagaya biranen Turai a jirgin ƙasa ba tare da ya karya jari ba. Maganata ɗaya ce. Arhar wannan tafiya a gida ake ƙulla ta, tun kafin a taka tasha.

Mu fara da takardu. Birtaniya ba ta cikin yankin Shengen. Saboda haka mai fasfon Najeriya ko na Nijar da ke zaune a nan, ko da yana da izinin zama, sai ya nemi bizar Shengen. Ana nemanta a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta; idan kwanakin sun zo ɗaya, sai ƙasar da za ka fara shiga. Za a buƙaci inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Ba a wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma kwanakin da aka rubuta maka na iya gaza haka. Wanda ya zarce wa'adinsa yana iya fuskantar tara ko hana shi dawowa, kuma tabon zai bi shi duk lokacin da ya sake neman biza. 'Yan uwanmu masu izinin zama a Jamus ko Faransa ba sa buƙatar wata biza don leƙa sauran ƙasashen yankin.

Sai tikiti. Tun 1972 akwai Interrail, tikiti guda da yau ke aiki a ƙasashe 33. Na mazauna Turai ne, ko wane fasfo suke riƙe da shi. Mai zuwa daga gida, Eurail zai saya. Kana iya zaɓar kwana 4 ko 7 na tafiya a cikin wata guda, kuma wanda bai wuce shekara 27 ba yana da rangwame. Amma a lura: tikitin bai haɗa da kuɗin kama kujera ba. A Eurostar, da jirage masu gudu na Faransa da Italiya da Sifaniya, da jiragen dare, kama kujera dole ne, kuma a nan kuɗi ke zurarewa. A Jamus da Holan da Beljiyam kuwa, yawancin jiragen cikin gida shiga kawai za ka yi. Don haka a ɗauki biro a yi lissafi. Idan birane biyu ko uku ne kawai, tikitin ɗaiɗai da aka saya da wuri yakan fi sauƙi.

Ga misalin hanya. Daga tashar St Pancras a Landan zuwa Burasels kamar awa 2 ne. Daga nan zuwa Kolon a Jamus bai kai awa 2 ba. A gangara Biyana, babban birnin Ostiriya, daga can Budafes ba ta kai awa 3 ba. Hangari da Cek da Folan ba yuro suke kashewa ba, kuma masauki da abinci sun fi na Faris araha. Jirgin dare na Nightjet yakan haɗa maka tafiya da wurin kwana a kuɗi ɗaya, kuma akwai ɗakunan mata zalla. A Italiya, tikitin takarda na jirgin ƙananan garuruwa sai an buga masa tambari a na'urar tasha kafin a shiga, in ba haka ba tara ce.

Abinci da ibada ba za su gagara ba. A sayi burodi da madara da 'ya'yan itace a babban kanti, kada a sayi na cikin tasha. Shagunan Turkawa da Larabawa masu naman halal suna nan a kusan kowane babban birni. Allah ya sauƙaƙa wa matafiyi da sallar ƙasaru. Wanda ya bi ta Faris ya yi Juma'a a babban masallacinta da aka buɗe a 1926.

Jaka ɗaya ta isa, wadda za ka iya hawa bene da ita. Fasfo da katin banki su zauna a jikinka, hotonsu kuma a wayarka, domin 'yan sane sun fi yawa a tashoshi masu cunkoso.

Daga ƙarshe, ƙungiyarmu tana da mutane a birane da dama. Mai tafiya ya sanar da sakatare tun da wuri, a haɗa shi da su. Zumunci a ƙafa yake, amma baƙon kirki yakan aika da saƙo kafin ya yi sallama. Iyaye kuma a ba su jerin garuruwa da ranaku, hankalinsu ya kwanta.

Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.