Lissafi a Haɗin Gashi da Garkuwar Jiki don Maganin Sankara



Tambayar da zan ɗora jawabina a kanta ita ce: idan likita zai haɗa wa mai sankara magani biyu, wato gashi da haske mai ƙarfi da kuma maganin da ke zaburar da garkuwar jiki, nawa zai ba shi, kuma wanne zai fara? Kuskure a nan rai yake ci, saboda haka masana lissafi suka shigo cikin maganar.

Shi gashi da ma yana da lissafinsa. Ana auna hasken da ma'aunin da ake kira Gire, kuma ɓarnar da yake yi wa ƙwayoyin halitta kashi biyu ce: ɗaya tana tafiya daidai da yawan hasken, ɗayar kuwa da yawan hasken idan an ninka shi da kansa. Wannan ya sa akan rarraba shi, alal misali Gire 2 kullum, kwana 5 a mako, har sau 30, domin lafiyayyen nama ya sami damar farfaɗowa.

To, a 1953 wani masani a Ingila, R. H. Mole, ya raɗa suna ga tasirin da haske kan yi nesa da inda aka haska. A 2012 likitoci a Amurka suka ba da labarin wata mai sankarar fata da ke karɓar maganin ipilimumab: aka gasa ƙari ɗaya a jikinta, sai waɗansu da ba a taɓa ba suka motse. Dalili shi ne ƙwayoyin da gashi ya kashe sukan tona asirin cutar ga fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan.

Amma fa hasken da ke ta da sojojin shi ne kuma ke kashe su, domin suna cikin ƙwayoyin da ba su jure masa. A 2013 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka lissafa cewa a gashin ƙwaƙwalwa, zama ɗaya yana kai rabin Gire ga kashi 5 cikin 100 na jinin da ke zagayawa, zama 30 kuwa ga kashi 99. Haka kuma gwaji a kan ɓeraye a 2009 ya nuna Gire 8 sau 3 ya fi Gire 20 a tashi ɗaya wajen taimakon garkuwa.

Aikin mai lissafi shi ne ya ɗora waɗannan a sikeli guda. Tun 1994 Kuznetsov da abokan aikinsa suka siffanta ƙari da sojojin jiki da lissafi irin na mafarauci da abin farauta: wancan yana hayayyafa, waɗannan suna rage shi, su ma suna gajiya. Idan aka shigar da gashi a ciki, kwamfuta za ta iya gwada jadawali dubu a yini, ta ware 'yan kaɗan da suka cancanci a gwada a asibiti.

Jama'a, lissafi ba ya warkar da kowa, kuma hukuncin ƙarshe na gwajin asibiti ne. Amfaninsa shi ne ya rage yawan marasa lafiyar da za a ɗora a kan hanyar da ba ta ɓullewa. Ɗalibanmu na lissafi su sani akwai gurbinsu a gefen gadon majinyaci.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.