Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Ake Gane Kayan Tarihi Na Jabu?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Tsibiri, jihar Zamfara. Cewa ya yi: "Shin wai yaya masana ke gane mutum-mutumin yumɓu na da can, irin waɗanda aka tono a Kwatarkwashi, daga wanda aka gasa jiya?"

To Malam, da farko dai ka sani ido kaɗai ba ya raba wannan gardama. Irin waɗannan gumaka an fara cin karo da su a ƙauyen Nok cikin 1928 wajen haƙar kuza, wasunsu kuwa sun haura shekara 2,000. Da kuɗinsu ya yi tsada a Turai, sai 'yan damfara suka shiga ƙera nasu.

Masana da haske suke aiki. Akwai wata na'urar hannu da ke haska abu da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Kowane sinadari, ko ƙarfe ko dalma ko tagulla, yana mayar da nasa hasken daban, kamar yadda kowa ke da tasa muryar. Da haka ake sanin abin da ke ciki ba tare da an fasa ba. Irinta ce aka auna ƙasar ƙauyukan Anka da Bukkuyum da ita a 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara.

Ga misali daga Jamus. Wani mai suna Wolfgang Beltracchi ya yi zane, ya ce na 1914 ne. Da aka binciki fentin, sai aka tarar da wani farin sinadari wanda bai shiga kasuwa ba a wannan shekara. Asirinsa ya tonu, aka yanke masa ɗaurin shekara 6 a 2011. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Shi kuwa yumɓu, ɗan gari ake ɗiba daga jikinsa a zafafa. Gwargwadon hasken da ya fitar, gwargwadon daɗewarsa tun ranar da aka gasa shi. Amma mayaudara kan liƙa tsofaffin gutsattsari da sabon yumɓu, shi ya sa ake ɗiba daga wurare da yawa.

Saboda haka Malam, in garmarka ta tono irin wannan, kada ka kankare shi, kada ka sa shi kusa da wuta, kuma ka lura da inda ya fito. Dokar 1979 ta hana cinikin kayan tarihi ba da izini ba. Ka sanar da mai gari, a kai labari ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ku kuma 'yan kasuwa, ku yi hattara: in jabu ne kuɗinku ya salwanta, in na gaske ne kun taka doka.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.