Man Mota Daga Gona: Me Manomi Zai Duba Kafin Ya Shuka?

Wannan jawabi ne da wani malamin gona ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Kamazou, cikin ƙaramar hukumar Chikun, Jihar Kaduna.



Kowa a nan ya san matatar mai da ke kusa da mu a kan hanyar Kachia. A shekarar 1980 aka buɗe ta. Ɗanyen man da aka gina ta domin ta tace, daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi. Wanda aka haƙo ya tafi ke nan, ba ya sake tsirowa. Yau maganarmu a kan wani irin mai ce, wanda ake samu daga amfanin gona. Shi kuwa in ya ƙare bana, baɗi sai a sake shukawa.

Yaya ake yinsa? Ana matse rake, ko a niƙa rogo a dafa, a bar ruwan ya yi tsami. Sai a tafasa shi a masana'anta, a tara tururin. Abin da ya fito sunansa itanol, kuma ana gauraya shi da fetur. 'Ya'yan bini da zugu kuma, ana matse su a sami man da ake sarrafawa ya yi aikin dizal.

A shekarar 2007 gwamnatin tarayya ta fito da tsari a kan wannan mai, ta ɗora wa kamfanin NNPC jagorancinsa. Tsarin ya ce a kowace lita 10 ta man mota, lita 1 ta zama itanol. Ya kuma yi wa masu kafa masana'antu alkawarin sauƙin haraji na shekara 10. Magana ce mai daɗi. To amma ina tambayarku: wa ya taɓa sayen wannan gaurayen mai a Sabon Tasha? Kun ga babu wanda ya ɗaga hannu.

A ƙasar Barazil abin ya kankama. Sun fara a 1975, bayan mai ya yi tsada a duniya. Gwamnatinsu ba ta tsaya a takarda ba. Ta ba masu masana'antun rake rance mai sauƙi, ta wajabta gauraya itanol da fetur, ta haka mai saye ya samu. Yanzu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗinsu itanol ne. Ku riƙe wannan kalma: mai saye.

Ga dalilin da ya sa nake nanatawa. A daidai lokacin da tsarinmu ya fito, an yi ta zuga manoma a Indiya da Tanzaniya da Mozambik su shuka bini da zugu, wai ko a fako zai yi. A fako yana rayuwa, amma ba ya 'ya'yan kirki. Kamfanoni da yawa suka tattara suka tafi, suka bar manoma da itacen da mutum ba ya ci, akuya ma ba ta ci. Rogo ya fi dama-dama, tunda in babu mai saye a yi gari. Amma shi ma in an tone shi, kwana biyu zuwa uku ya fara lalacewa. Masana'antar da ke nesa ba ta da amfani gare ka.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, maganar wannan mai ta ƙara jan hankali. Wata rana za ku ga baƙi da mota suna neman ku noma musu. Kada ku kore su, amma ku yi tambaya. Ina masana'antar take, an gama gininta? Nawa za a sayi buhu ko tan? Wa zai biya kuɗin mota? A rubuta komai, ku karanta da kanku a gaban mai unguwa kafin ku sa hannu. Gonar masara da dawa kuwa, kada a taɓa ta.

Mai son gwada bini da zugu, ya dasa shi shinge a gefen gona, kamar yadda iyayenmu suka saba. Zai tare dabbobi, bai kuma ci masa fili ba. Sai dai iyaye mata, ku ja wa yara kunne, 'ya'yansa guba ne, kada su ci.

Yanzu mai tambaya ya ɗaga hannu.